Ganau da Jiyau: Nazarin Harshen Labaran Fatalwa da Abubuwan Al'ajabi a Tsofaffin Gidaje

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami gari a Nijeriya wanda ba shi da wani tsohon gida da yara kan ƙara sauri idan sun zo wucewa ta ƙofarsa da almuru. Da wuya kuma hira ta yi nisa a dandali ko a zaure ba a sami wanda zai ce ya taɓa kwana a irin wannan gida, ya ji ko ya ga abin da ya ɗaure masa kai ba. Duk da yawan waɗannan labarai, masu nazarin adabin baka na Hausa sun fi mai da hankali ga tatsuniya da karin magana da kirari da waƙa. Tun daga tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, abin da aka fi tattarawa shi ne labarin da mai ba da shi bai ce a kansa ya faru ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta dubi labarin da mutum yake bayarwa a kan abin da ya ce ya same shi a tsohon gida. Za a yi haka ta fuskoki uku. Da farko za a rarrabe kalmomin da Bahaushe yake amfani da su, a kwatanta su da na Yarabanci. Na biyu, za a fito da dabarun nahawu da suke riƙe da irin wannan labari. Na uku, za a kawo abin da binciken kimiyya ya gano game da wasu daga cikin waɗannan al'amura, domin a nuna wurin da zaɓen kalma yake iya zama sanadin tsira ko halaka. Takardar ba ta ɗauki nauyin yanke hukunci a kan gaibu ba. Samuwar aljanu abu ne tabbatacce a aƙidar Musulmi, har akwai sura sukutum da sunansu, watau sura ta 72 a Alƙur'ani. Abin da ke gabanmu shi ne yadda harshe yake ɗaukar abin da mutum ya ji a cikin duhu ya mayar da shi labari.

2.0 Labarin Ganau da Labarin Jiyau

A shekarar 1934 masanin al'adu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm von Sydow, ya ware labarin da mutum ke bayarwa game da gamuwarsa da wani abu na ɓoye, ya kira shi memorat, ya bambanta shi da labarin da ya riga ya zaga bakuna har ya sami tsayayyen fasali. Lauri Honko na ƙasar Finlan ya faɗaɗa wannan ra'ayi a 1964, inda ya nuna cewa a irin wannan labari ne ake ganin yadda imanin jama'a yake aiki a rayuwar mutum guda. Hausa ba ta bukatar aro a nan, domin tana da kalmomin ganau da jiyau. Saboda haka a wannan takarda za a riƙa cewa labarin ganau da labarin jiyau.

Bambancin labarin ganau da tatsuniya a fili yake tun daga mabuɗi. Mai tatsuniya yakan fara da "ga ta nan, ga ta nanku", ya rufe da "ƙurunƙus", kuma da waɗannan kalmomi ya sanar da masu sauraro cewa ba a neman su gaskata shi. Ganau kuwa da rantsuwa yake farawa, ko da abin da ya yi kama da ita:

(1) Wallahi da idona na gani, ba wani ya faɗa mini ba.
(2) Ni da kake gani ba matsoraci ba ne, amma daren nan na san na ga abu.

Daga nan sai ya ambaci gari da unguwa da lokaci, ya kuma kawo sunan wani mai rai da za a iya tambaya. Ya kan rufe da "Allah ne masani", ko ya faɗi matakin da ya ɗauka, kamar barin gidan. Wannan tsari ya yi daidai da abin da William Labov da Joshua Waletzky suka bayyana a 1967 game da labarin da mutum ke bayarwa a kan rayuwarsa: shimfiɗa, da rikicewar al'amari, da auna muhimmancinsa, da warwara. Abin lura shi ne a labarin tsohon gida sashen warwara yakan zo a gurgunce, domin da an gano dalilin abin, labarin ya rasa armashinsa, ba a kuma sake ba da shi.

Idan labarin ya bar bakin ganau ya shiga na jiyau, sai rantsuwa ta faɗi, "wai" da "an ce" su maye gurbinta. A lokaci guda kuma sai abin da aka gani ya ƙara fitowa sarari. Abin da ganau ya kira "wani abu fari" yakan zama "wata mata da likkafani" a baki na uku.

3.0 Kalmomin da Ake Amfani da Su

3.1 Fatalwa da Kurwa

Fatalwa ita ce surar mamaci da ake cewa ta bayyana ga masu rai. Kurwa kuwa ta mai rai ce: ita ce ake cewa maye yana kamawa, mai ita ya kwanta ciwo. Ana samun masu cewa kurwar mamaci ce ke zama fatalwa, amma a yawancin zance ba a musanya kalmomin biyu. Ba a cewa maye ya kama fatalwar wane.

Matsayin fatalwa a tunanin Bahaushe Musulmi mai rauni ne. Koyarwar addini ita ce wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa duniya. Don haka ko da mutum ya rantse ya ga mahaifinsa marigayi tsaye a bakin rijiya, amsar da zai samu daga malamai ita ce aljani ne ya ɗauki kamarsa. Ta haka kalmar aljani take cinye filin fatalwa. Kabari ma a cikin gida bai isa ya sa a kira gidan na fatalwa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, a gidansa na Sakkwato aka binne shi, kuma Hubbare wurin ziyara ne.

3.2 Aljani, Iska da Mutanen Ɓoye

Aljani aro ne daga Larabci. Iska kuwa kalmar Hausa ce ta asali, jam'inta iskoki, kuma tana nufin abubuwa biyu: wadda ke kaɗawa ana shaƙa, da kuma halittar ɓoye. A.J.N. Tremearne ya yi rubutu a kan bori a 1914 bisa abin da ya tattara wurin Hausawan Tunis da Tarabulus. Joseph Greenberg kuma, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya nuna a 1946 yadda aka haɗa iskokin gargajiya da aljanun da Musulunci ya zo da bayaninsu, har aka raba su farare da baƙaƙe. Wuraren da ake danganta su da su sanannu ne: tsamiya, kuka, suri, juji, tsohuwar rijiya, masai da kango. Haka ma lokutansu: tsakar rana, almuru da talatainin dare.

Saboda tsoron kiran suna, sai a sakaya a ce mutanen ɓoye ko masu abu. Wanda ya haɗu da su an ce ya yi gamo, wanda suka bayyana gare shi kuma an ce sun buɗe masa ido. Tunanin cewa gida yana da mazauna na ɓoye yana da tushe a hadisi, domin Imamu Muslim ya ruwaito umurnin a yi wa macijin da aka gani a gidajen Madina gargaɗi kafin a kashe shi, saboda yiwuwar aljani ne.

3.3 Dannau

Wannan kalma ta fito ne daga aikatau danna da ɗafin -au, kamar yadda aka sami mantau daga manta, makarau daga makara, da ganau da jiyau ɗin da muka ambata. Ɗafin yana ba da ma'anar mai yawan aikata abu. Ke nan tun a ginin kalmar an riga an ɗauka cewa akwai mai dannawa. Bahaushe ba ya cewa jikina ya ƙi motsi, sai ya ce dannau ya danne ni.

3.4 Kango da Kufai

Kango gida ne da aka tashi aka bari, kufai kuma wurin da gari ko ƙauye ya taɓa zama. Ginin tubali da rufin azara yana rayuwa ne da yaɓe da gyaran indararo. Da zarar an daina kula da shi, damina kaɗan ta ishe shi ya zube. Saboda haka a ƙasar Hausa ta dauri, gida ko dai yana da mutane ko ya zama kango. Gidan da yake tsaye da rufinsa da ƙofofinsa amma ba kowa ciki ya yawaita ne da zuwan siminti da kwano. A kudancin ƙasar nan irin wannan gini ya daɗe: benen da ake cewa shi ne na farko a Nijeriya, wanda 'yan mishan suka gina a Badagry, an kammala shi tun 1845. Wannan na cikin dalilan da suka sa Bahaushen da aiki ya kai kudu yakan fara cin karo da gida mai matakalar katako da silin a can.

3.5 Kwatanci da Yarabanci

A al'adar Yarabawa binne dattijo a harabar gida abu ne sananne, kuma bikin egúngún yana tsaye ne a kan ziyarar magabata ga zuriyarsu. Suna da kalmar àkúdàáyà, watau wanda ya mutu a garinsu amma aka ce an gan shi a wani gari mai nisa yana sana'a, har da aure. Suna kuma da iwin da ẹbọra, waɗanda halittun ɓoye ne, ba matattu ba, ga kuma àlùjànnú wadda asalinta Larabci ne kamar aljani. Abin da wannan ke nunawa shi ne motsi guda a silin zai iya zama marigayi mai gida a kunnen Bayarabe, ya zama aljani a kunnen Bahaushe.

Masu fassara sun daɗe da sanin wannan wahala. Lokacin da Wole Soyinka ya fassara littafin D.O. Fagunwa na 1938 zuwa Ingilishi a 1968, sai da ya ƙirƙiro sabuwar kalma domin halittun dajin da ke ciki, saboda kalmomin Ingilishi da ke akwai ba su dace da su ba. Mai fassara zuwa Hausa ma ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa, kafin ya rubuta fatalwa, ko abin da ake magana a kai mamaci ne ko kuwa iska.

4.0 Dabarun Nahawu a Labarin Ganau

4.1 Lamirin da Ba Ya Fayyace Mai Aiki

Hausa tana da jerin lamirai na a, an, aka, ana, ake, waɗanda ke nuna an yi aiki ba tare da an faɗi wanda ya yi ba. Su ne ginshiƙin labarin tsohon gida:

(3) Can cikin dare sai na ji ana tafiya a saman bene.
(4) Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku.
(5) Ana jifa a gidan nan.

Hikimar wannan lamiri ita ce yana ɗauke da ma'anar mai aiki mai hankali. Ba a cewa "an yi haushi" idan kare ake nufi, sai dai da wata manufa. Ke nan da mai magana ya ce "aka ƙwanƙwasa", ya riga ya kore iska da ɓera, alhali bai ambaci aljani ba, ba kuma za a kama shi da ƙarya ba.

4.2 Aikatau Aji na 7

A rabon azuzuwan aikatau da F.W. Parsons ya yi a 1960, aji na 7 shi ne mai ƙarewa da -u. Idan aka kore shi a lokaci mai ci, yakan ba da ma'anar abin da ba ya yiwuwa:

(6) Gidan nan ba ya zaunuwa.
(7) Ɗakin ƙurya ba ya shiguwa da dare.

A nan an ɗora hukuncin a kan gidan kansa. Ba a faɗi wanda ya gwada ya kasa ba, ba a kuma faɗi abin da ya hana ba. Jimla irin ta (6) ta isa ta sa gida ya rasa ɗan haya shekara da shekaru, magada su yi asara.

4.3 Amsa-kama

Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, amma amsa-kama takan ƙare da baƙi, kuma ana furta ta da ƙarfi na musamman. Paul Newman ya tattauna matsayinta a jimla tun 1968. A labarin ganau ita ce ke ɗaukar nauyin abin da gaɓoɓi suka ji:

(8) Gari ya yi tsit, sai na farka firgigit.
(9) Na ga abu fari fat ya gifta wuf, ya ɓace ɓat.
(10) Tsigar jikina ta tashi yarr, na jiƙe sharkaf da gumi.

A lura cewa amsa-kama tana bayyana launi da sauti da sauri dalla-dalla, amma sunan abin yana nan a "abu". Mai sauraro ne yake cike gurbin da abin da al'adarsa ta tanada masa.

4.4 Kamar, Sai da Ashe

"Kamar" tana ba ganau mafaka: "na ji kamar ana numfashi". "Sai" da ke jan shuɗaɗɗen lokaci na biyu tana jera aukuwa bayan aukuwa, har mai sauraro ya ɗauka ta farko ce ta haifi ta biyu. "Ashe" kuwa ita ce ƙofar fassara: "ashe a ɗakin nan mai gidan ya rasu". Kusan kullum abin da ke bin "ashe" daga bakin maƙwabta aka samo shi bayan gari ya waye. A daidai wannan gaɓa ce ganau yake komawa jiyau a cikin labarinsa na kansa.

5.0 Misali Daga Wani Tsohon Gida

Domin a ga waɗannan dabaru suna aiki, zan kawo abin da ya faru da ni. Lokacin da aiki ya kawo ni ƙasar Yarabawa, na bar iyali a gida, na sauka ni kaɗai a wani tsohon bene na zamanin Turawa, mai rufin kwano da daɓen katako a sama. Da hunturu ya shigo sai abubuwa huɗu suka bi juna. Bayan sallar lisha a kan yi jifa a kan rufi. Idan dare ya raba a kan ji taku a ɗakin sama wanda ba kowa cikinsa, wani lokaci har da huci kamar na mai barci. Sau biyu na farka na kasa ɗaga ko yatsa, ina jin nauyi a ƙirji, ina kuma jin akwai mai tsayuwa a bakin gado. Sau biyu kuma na wayi gari na tarar da ƙofar ɗakin sama a buɗe, alhali na sa mata sakata.

Mutum uku na ba labarin. Maƙwabcina Bayarabe tambayarsa ta farko ita ce wa ya mutu a gidan, kuma ina aka binne shi. Wani dattijo Bahaushe mazaunin Sabo bai tambayi mamaci ba ko kaɗan. Cewa ya yi: "Malam, ai gida ba ya zama ba mai shi. Ka riƙa sallama in za ka shiga, ka karanta Baƙara, kada kuma ka zubar da ruwan zafi ba bisimilla." Na ce: "To Baba, na gode." Shawararsa a kan Suratul Baƙara tana da madogara a hadisin da Muslim ya ruwaito. Na uku kafinta ne, wanda ya hau silin da tocila. Ya tarar da sheƙar mujiya da tarin kashin jemagu. Ya kuma nuna mini ƙwallayen 'ya'yan itace zube a magudanar rufi, waɗanda manyan jemagu ke yarwa daga bishiyar da ta yi wa gidan rumfa. Game da ƙofa ya ce katako ne ya tsuke sakata ta saki. Dattijo da ya ji haka sai ya yi murmushi, ya ce jemage bai san sakata ba.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne harshen da na ba da labarin. Duk lokacin da na faɗe shi da Hausa, "aka buɗe ƙofa" ke fitowa daga bakina. Da na ce "ƙofa ta buɗe", da na bi bayan kafinta. Da na ce "aljani ya buɗe ƙofa", da na bi bayan dattijo. Lamirin aka ya ba ni damar zama da su duka biyu lafiya.

6.0 Abin da Bincike Ya Gano

Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Fallen kwano mai tsawon mita 3 yakan canza da kimanin milimita 1 idan zafinsa ya sauka da digiri 30, kuma wannan ya isa ya sa ya goga ƙusa ya yi ƙara bayan faɗuwar rana. Katako kuma yana shan laima da damina, ya sake ta da hunturu. Idan allunan daɓe suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, kunne yakan ji su kamar taku. 'Ya'yan mujiya kuwa idan suna neman abinci sukan yi wani huci mai kama da minshari.

Dannau ma an yi nazarinsa sosai. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa takan kashe motsin tsokoki. Idan mutum ya farka kafin wannan kulli ya kwance, sai ya ga ɗakinsa sarai amma ya kasa motsi na 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci, guntun mafarki kuma ya biyo shi cikin farke. Ƙarancin barci da damuwa da kwanciyar rigingine suna ƙara jawo shi. David Hufford ya nuna a 1982 cewa mutanen tsibirin Niyufanlan na Kanada suna kwatanta abin da wata tsohuwa mai hawa ƙirji, kuma waɗanda ba su taɓa jin wannan al'ada ba su ma suna ba da bayani iri ɗaya. Japanawa suna kiransa kanashibari. Brian Sharpless da Jacques Barber sun tattara bincike da dama a 2011, suka sami kashi 7.6 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa kashi 28.3.

Ganin mamaci ma ba baƙon abu ba ne ga likitoci. A 1971 W. Dewi Rees ya tattauna da mutum 293 da mazansu ko matansu suka rasu a yankin Wels na Birtaniya, kusan rabinsu suka ce sun ji marigayin yana tare da su, wasu ma sun gan shi ko sun ji muryarsa.

Akwai kuma tasirin abin da aka riga aka ji. A 1997 Rense Lange da James Houran sun zagaya da mutane wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a Amurka. An gaya wa wasu cewa wurin yana da fatalwa, wasu kuma aka ce musu gyara ake yi. Rukunin farko ne ya fi ba da rahoton jin abubuwan ban mamaki. Karin maganarmu ta ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya riga gani, ya kuma shirya masa hanya.

7.0 Inda Kalma Ke Iya Jawo Asarar Rai

A 1921 likitan ido William Wilmer ya buga labarin wani iyali a Amurka da suka koma wani tsohon gida. Sun riƙa jin taku, suna ganin mutane a gefen gado, suna fama da ciwon kai da kasala, tsirran da ke cikin gida kuma suka bushe. Daga baya aka gano murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana fitar da iskar kabon monoksayid. Da aka gyara shi komai ya lafa.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Gawayin da ake shiga da shi ɗaki a kasko lokacin sanyi yana fitar da ita, haka ma janaretan da ake tayarwa a baranda ko a ƙarƙashin matakala saboda tsoron ɓarayi. Jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin iyali da aka wayi gari an tarar da su duka sun mutu a ɗaki.

A nan ne ma'ana biyu ta kalmar iska take zama haɗari. Idan mai shela a rediyo ya ce "muguwar iska ce ta kashe su", mai sauraro zai iya fahimtar baƙin aljani, ya tafi neman tsari ya bar janareta a inda yake. Idan kuma aka ce "hayaƙi", sai ya ɗauka in bai ga hayaƙi ba babu komai, alhali garwashin da ya ruru ja ba hayaƙi shi ma yana kisa. Ra'ayin wannan takarda shi ne a riƙa cewa "gubar gawayi" da "gubar janareta", a kuma bayyana cewa ba a ganinta, ba a jin warinta. Ya kamata saƙon ya faɗi alamar da kowa zai gane: idan mutanen gida da yawa suna tashi da ciwon kai da jiri, suna kuma samun sauƙi in sun fita waje, to a buɗe tagogi, a fitar da wuta, a tafi asibiti. Wannan bai hana kowa addu'arsa ba.

Haka nan kalmomin gamo da bugun iska sukan rufe farfaɗiya da taɓin hankali, waɗanda ke da magani a asibiti, har ciwo ya yi nisa. Wani lokaci ma neman mai laifi yakan ƙare a kan wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a gidan, a jefe ta da maita.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa labarin ganau wani reshe ne na adabin baka mai mabuɗinsa da marufinsa da nahawunsa. An ga yadda aƙidar barzahu ta sa aljani ya mamaye filin fatalwa a Hausa, saɓanin Yarabanci inda mamaci ke da gurbi a cikin gida. An kuma ga yadda lamirin aka, da aikatau aji na 7, da amsa-kama, da kalmar ashe suke ba mai labari damar nuna mai aiki ba tare da ya kira sunansa ba.

Aiki biyu ke jiran masana harsunan Nijeriya. Na farko shi ne ɗaukar waɗannan labarai daga bakin masu su da na'ura, a rubuta su yadda aka faɗe su, a Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran harsuna, domin a kwatanta yadda kowane harshe ke ɓoye mai aiki. Zangunan Hausawa na kudu, irin su Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, wuri ne da ya dace da wannan, domin a can al'adun biyu suke kwana a gida ɗaya. Na biyu shi ne zama da likitoci da ma'aikatan rediyo a daidaita kalmomin gargaɗi a kan gubar gawayi da janareta kafin kowane hunturu ya shigo.